Lambar da aka tsallake a rajistar matattu

Shekarun baya, can wajen tsakiyar shekarun dubu biyu, na bar Damagaram na hau motar Tamanrasset neman yayana. Masu bibiyata a nan sun san ni da surutun ma'ajiyar bayanai da faɗa kan yadda ake rubuta trigger, har wasu na ce mini tsoho mai masifa. Masifar kam na yarda ina da ita. Yau zan faɗa muku inda na samo ta, don ba a lekkol, makarantar boko, aka koya mini ba.

Yayana magini ne. Ya tafi ci-rani Aljeriya kamar yadda samarin garinmu ke tafiya, ya bar mata da jaririya a gidanmu. Da farko yana kiran talhon wani mai shago a unguwarmu, a aiko a kira mahaifiyata, ta ja mayafi ta fita ko takalmi ba ta tsayawa sawa daidai. Sai wani lokacin sanyi kira ya ɗauke ɗif. Zafi ya zo ya wuce, damina ta zo ta wuce, ba labari. Mahaifiyata ta rame. Matarsa kuwa tana zaune a ɗaki, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Ni ne mai ɗan karatun lekkol a gidan, wanda ake ganin zai iya tsayawa gaban jandarma bai yi rawar baki ba, don haka ni aka tura. Ranar da zan tafi mahaifiyata ba ta yi dogon bayani ba. Cewa ta yi, “Ko rai ko mutuwa, ka samo mini magana ɗaya.”

Na sauka a unguwar Gataa El Oued, a wani ɗakin bulo marar shafe da mutanen yankinmu ke kwana. Na yi ta tambaya har bakina ya gaji. Matsalar garin nan ita ce ba mai zama. Wanda ka tambaya yau, gobe ya wuce arewa ko ya nufi Libiya, wani sabo ya gaji tabarmarsa. 'Yan kaɗan da suka tuna yayana sun ce ya samu aikin hanya can wajen arewa ya kwashe kayansa, bai dawo ɗakin ba. Wani ya ce ya taɓa jin yana maganar Libiya. Wani ma ya rantse ya gan shi, da na matsa masa da tambaya sai ta bayyana wani dogon mutum yake nufi, alhali yayana gajere ne kamar ni. A ƙarshe wani mai shago ya ji tausayina ya ce in fara da wurin da ba na so, in je wajen kwamitin jana'iza.

Kwamitin na 'yan kasuwar Nijar ne da suka daɗe a garin. In baƙo ya mutu ba shi da kowa, su ke sayen likkafani, su yi zirga-zirgar takardu a buro, wato ofishin hukuma, su binne shi, sannan su aika wa danginsa labari ta bakin direbobi da fatake masu komawa kudu. Shugabansu wani dattijo ne ɗan Maraɗi mai sayar da atamfa da turare, mutum mai sanyin magana wanda ban taɓa jin ya ce wa kowa a'a kai tsaye ba. Ko bashi ka nema ba zai bayar ba, sai ya ce “to, Allah ya hore,” kai kuma ka gane. Da can a littafi suke rubuta matattu, amma kafin zuwana sun mayar da aikin cikin ordinatar, wato kwamfuta, a bayan shagon intanet na wani saurayi Buzu ɗan Agadas da ya yi karatun na'ura a arewacin ƙasar. Wannan saurayin shi ya zama abokina, kuma shi ya fara koya mini sana'ar da nake ci da ita yau.

Ranar farko na faɗa masa sunan yayana, ya buga, sai ga layi ɗaya ya fito. Na matso kusa da allon. Sunan nasa ne, sunan uba iri ɗaya, gari ɗaya, shekarar haihuwa ɗaya. Na dafa tebur. Sai abokina ya nuna mini ranar mutuwar da yatsa, na duba na sake dubawa. Mutumin nan ya rasu tun yayana na gida yana ginin katangar masallacin unguwarmu. Takwara ne kawai.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce ina za a samu mutum biyu su haɗu a duk waɗannan. Ai a wurinmu ba abin mamaki ba ne. Sunan yayana irin wanda in ka kira shi a kasuwar Dole ta Damagaram mutum goma za su waiwayo ne, sunan mahaifinmu ma haka. Ranar haihuwa kuwa, mu da aka haifa ba a asibiti ba, a katinmu “wajen shekara kaza” ake rubutawa, na'ura kuma ba ta san “wajen” ba, sai a ba kowa ɗaya ga Janairu. Rabin 'yan Nijar da ke cikin rajistar nan rana ɗaya aka haife su.

Na tambayi abokina ko rajistar cikakkiya ce. Ya ce duk ɗan Nijar da aka binne ta hannun kwamiti yana ciki, littafi na iya jiƙewa ko ɓera ya ci, amma na'ura ba ta mantuwa. Ban tsaya shan shayin da ya dafa ba, na shiga ɗan akwatin talhon shagon na kira gida. Da mahaifiyata ta zo na ce, “Inna, ba ya cikin matattu. Na gani da idona a ordinatar.” Har yanzu ina tuna yadda na ja kalmar ordinatar ɗin nan a bakina, ina jin kaina kamar wani likita, ni da ko taɓa ta ban taɓa yi ba. Ta yi ta hamdala. Daga baya aka ce mini washegari ta soya masar sadaka ta raba wa unguwa, ta kuma ce wa matar yayana ta share hawaye ta yi kitso, mijinta na Libiya.

Na zauna a Tamanrasset da niyyar in tara na mota in bi sahunsa, sai zaman ya miƙe. Da safe ina ɗaukar bulo a wurin gini, da la'asar in je shagon abokina. Ya ga ina da kai, ya fara nuna mini yadda ake tambayar ma'ajiyar bayanai, yana tsokanata wai yatsun Badamagare don tuƙa tuwo aka yi su, ni kuma ina ce masa Buzu ko sallah zai yi sai ya ɗora shayi. Sannu a hankali shigar da sunayen matattu ya dawo hannuna. Yadda ake yi shi ne, dattijon na zaune kan tabarma a bakin ƙofa, mai kawo labarin mutuwa ya zo a gaisa, a yi addu'a, ya miƙo katin mamacin. Ni in buga suna da sunan uba da gari da ranar haihuwa da dalilin mutuwa da layin kabari da wanda ya kawo labarin. In na danna, wata koriyar kalma ta faransanci ta fito mai nufin an adana, dattijo ya ce “an rubuta,” a shafa fatiha. Ranar Juma'a abokina ya buga sababbin sunaye a takarda, dattijo ya rarraba wa masu tafiya kudu. Sunan da bai fito a takardar nan ba, ba wanda zai je gidansu.

Haka na kwashe kusan shekara biyu. Duk wanda ya dawo daga Libiya sai na tare shi da tambaya. Duk kiran da na yi gida, mahaifiyata sai ta ce in sake duba na'urar, in ce na duba, ba ya ciki, ta ce to alhamdu lillahi. Dangin matar yayana sun zo sun yi maganar a kai wa alƙali a raba auren tunda shiru ya yi yawa, mahaifiyata ta ce ba a raba auren mai rai da bai yi laifi ba, yarinyar ma ta ce za ta jira.

Wata ranar da hantsi wani mutum ya zo daga Tit, wani ƙauye kusa da garin. A lambun dabino yake aiki, abokin aikinsa ya kwanta ciwon ciki ya rasu, an binne shi jiya. Na buga, koriyar kalma ta fito, dattijo ya ce an rubuta. Da a nan ya tashi ya tafi kamar kowa, da shi ke nan. Amma shi gida za shi a makon, kuma garinsu ɗaya da mamacin, sai ya roƙi a ba shi takarda ya kai wa iyalin da hannunsa don matar ta fara takaba. Na nemo sunan na buga masa. Ya karɓa, ya ba wani ya karanta masa, sai ya ce wannan ba mutuminsu ba ne. Takardar na cewa haɗarin mota, shekarun baya, shi kuwa nasu jiya ya zuba masa ƙasa da hannunsa.

Na ɗauka ni na yi kuskure, na sake bugawa daga farko a hankali. Kore ya sake fitowa. Na nema, tsohon mamacin nan dai shi kaɗai. Na kira abokina. Ya tsaya bayana ya sa na sake yi a gabansa, sai na ji ya ja numfashi ya ce in tashi. Ya rubuta wa mutumin Tit takarda da hannu, dattijo ya sa hannu, aka sallame shi. Sannan ya buɗe wani wuri a na'urar da bai taɓa nuna mini ba.

A nan na fara ganin trigger. Ya ce in ɗauke shi kamar mai gadi a bakin ƙofa: duk layin da za a shigar, kafin ya shiga sai an kira wannan ɗan aikin ya duba shi, kuma abin da ya mayar shi ke yanke hukunci. In ya ce RETURN NEW, layi ya shiga. In ya ce RAISE EXCEPTION, ya yi ihu ke nan, aiki ya tsaya, kuma ba layin nan kaɗai ba, duk abin da aka yi tun farkon wannan zaman shigarwar sai a warware shi kamar ba a yi ba. In kuwa ya ce RETURN NULL, layin ba zai shiga ba, kuma ba ihu, ba kuskure, aiki ya ci gaba lafiya lau. Ma'ajiyar dai takan amsa a hankali cewa layi sifili ta karɓa, amma allon da muke bugawa ba ya duba wannan. Abin da yake dubawa kawai shi ne ko an yi kuskure. In ba a yi ba, sai ya nuna kore.

Na ce to me ya kawo mai gadi a ƙofar matattu. Ya ce ai mutuwa ɗaya mutum uku ke kawo labarinta: abokan ɗaki su zo, mai aikin ya zo, liman ya zo, kowa na ganin haƙƙi ne a kansa. Da farko sai sunan mutum ya fito sau biyu sau uku, har aka taɓa kai wa wata uwa labarin mutuwar ɗanta sau biyu, watanni a tsakani. Shi ya sa ya rubuta trigger ɗin: in suna da sunan uba da gari da ranar haihuwa sun yi daidai da wanda ke ciki, a ƙi karɓa. Kuma da farko ihun ya sa. Jan rubutu ya fito, na'ura ta yi ƙara.

Abu biyu suka kashe ihun. Na farko, wata mota ta lalace a hamada aka kawo gawawwaki da yawa, ya zauna ya buga su duka a zama ɗaya, na kusa da ƙarshe ya zama an riga an shigar da shi, ihu ɗaya ya share dukansu, ya sake daga farko mutane na tsaye suna jira. Na biyu shi ne dattijo. Wani bawan Allah ya zo da hawaye ya kawo labarin ƙanensa, na'ura ta yi ƙara ta nuna ja a gabansa, mutumin ya ɗauka ƙaryata shi ake yi, ya fita ransa a ɓace. Dattijo ya kira abokina gefe ya ce wannan ba tarbiyya ba ce. Ba a mayar da mai kawo labarin mutuwa, ba a ce masa an riga ka. Ko ka sani, ka karɓa ka yi addu'a ka yi shiru. Ya ce a koya wa na'urar kunya. Abokina ya goge RAISE EXCEPTION ya rubuta RETURN NULL, kowa ya ji daɗi.

Yana cikin bayanin ne na daina jin sa. Layin nan na ranar farko ya dawo mini, mai sunan yayana da sunan ubanmu da garinmu da ɗaya ga Janairu. Muddin wancan takwaran na ciki, ko sau nawa aka kawo sunan yayana ƙofar nan, mai gadi zai karɓa ya jefar, allo ya nuna kore. Shekara biyu ina tambayar na'ura abin da ba ta da ikon faɗa mini. Na ɗago na dube shi, na ga shi ma can tunaninsa ya kai. Sai ya jawo rawaninsa ya rufe baki.

Na tambaye shi ko akwai inda ake ajiye waɗanda aka jefar. A nan ne ya kusa kuka. Ya ce ya yi tunanin haka tun farko, ya sa trigger ɗin ya rubuta duk wanda ya ƙi karɓa a wani tebur na daban, wato wani jerin a cikin ma'ajiyar, kafin ya yi ihu. Amma duk lokacin da ya duba teburin sai ya tarar wayam, saboda ihun na warware komai, har da rubutun da trigger ɗin ya yi da kansa. Da ya ga layin umarnin nan ba ya amfani sai ya goge shi. Ranar da ya koma RETURN NULL, ranar ce layin zai fara aiki, tunda yanzu ba abin da ake warwarewa, amma bai tuna ya mayar da shi ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Abu ɗaya ya rage. Kowane mamaci na da lambar jeri da na'ura ke ba shi da kanta, kuma tana cire lambar ne tun kafin a kira mai gadi. In an jefar da layi, lambar ta tafi da shi, ba a sake ba wani. Don haka duk inda lissafi ya yi tsalle, akwai wanda aka kawo ƙofa aka jefar. Muka jera lambobin muka bi su. Giɓin da yawa, kuma mun san mafi yawansu maimaici ne na gaskiya, liman ne ya zo bayan abokan ɗaki. Giɓi ba ya faɗin suna. Sai dai yana faɗin lokaci, tunda na gabansa da na bayansa suna da rana.

Na ce mu je lokacin sanyin da kira ya ɗauke. Muka je. Ga mutum biyu an shigar da su rana ɗaya, dukansu leburorin hanya, dukansu an kawo su daga wajen In Ekker can arewa, dalilin mutuwa ɗaya: hayaƙin gawayi. Lambar na farko da ta na biyu ba su bi juna ba, akwai ɗaya da ta ɓace a tsakani. Kaburburansu ma a layi ɗaya suke, da tsallaken guda a tsakiya. A gurbin wanda ya kawo labari an rubuta wani direban tankar ruwa ɗan Agadas, abokina ya ce ya san shi, har yanzu yana bin hanyar.

Sai da muka jira ya dawo daga arewa. Waɗannan kwanakin ban iya ɗaukar bulo ba, ban kuma kira gida ba. Da ya zo muka same shi a inda suke ajiye motoci yana wanke ƙafa. Abokina ya tuna masa maganar, ya ce ai ba zai manta ba, shi ya buɗe ƙofar. Sanyin dutsen nan ne ya dame su, suka shigar da gawayi cikin ɗakin kwano suka toshe duk wata kafa da buhun siminti, suka kwanta. Da safe ya zo sauke ruwa bai ga kowa ba. Na ce su nawa ne. Ya ce uku. Na faɗi sunan yayana, ya ce sunaye kam ba zai riƙe ba, daga kati ya karanto su, amma ɗaya gajere ne ɗan Damagaram, magini, yana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Tabon nan a gabana ya same shi muna yara, garin ciro gyaɗa daga wuta.

Direban ya dube ni ya gane, ya ajiye buta. Ya ce wallahi shi ya kai katin mutum ukun da hannunsa, a gabansa aka buga, a gabansa kore ya fito sau uku, dattijo ya ce an rubuta. Ya tafi da zuciya ɗaya cewa an sanar da gidaje uku. Ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi, ni kuwa na rasa ma wanda zan ji haushi. Kowa a cikinsu alheri ya nufa.

Dattijo da kansa ya raka ni maƙabarta, yana dogara sanda. Muka sami na farko, muka sami na biyu, ga na tsakiya da duwatsu biyu ba rubutu. Na durƙusa na yi addu'ar da zan iya. Shi kuwa ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, “Ɗana, ni na ce a yi shiru. Na tsare fuskar mai kawo labari, ban tuna da masu jiran labari ba.” A makon abokina ya sake rubuta trigger ɗin. Ya daina jefar da kowa: in suna ya yi kama da na ciki, sai ya sa masa alamar a duba ya mayar da RETURN NEW, mutum ya shiga, daga baya mu zauna mu tantance. Sauran giɓin kuwa mun bi wanda za mu iya. Wasu har na bar garin ba mu san ko su wane ne ba.

Saura kiran gida. Na shiga akwatin talhon nan, aka aika aka kira mahaifiyata, ina jin takunta tana zuwa da sauri. Na gaishe ta, na ce Inna sai haƙuri, na faɗa mata komai a hankali: gawayin, direban, tabon hannun, kabarin da na tsaya a kai. Sai ta ce, “A na'urar taku ka gani?”

Na ce a'a, ai na'urar ce ma ba ta rubuta shi ba, na fara ƙoƙarin yi mata bayani.

Ta ce, “Wancan karon ka ce ka gani da idonka ba ya ciki. Yanzu ka ce ba ka gani ba, amma yana ciki. Wanne zan ɗauka?”

Na ce ta ɗauki na yanzu. Ta ce za ta jira in sake dubawa.

Matar yayana ta yarda. Ta koma gidan ubanta, malamai suka faɗa mata abin da ya hau kanta, aka yi addu'a a can, bayan wani lokaci ta yi aure, ban ga laifinta ba ko kaɗan. Shekarunta na ƙuruciya da ta zauna jira kam ba mai mayar mata. Amma a gidanmu ba a taɓa yin zaman makoki ba. Na dawo gida na zauna gaban mahaifiyata na sake faɗa mata, kawunmu ya faɗa mata, liman ya faɗa mata. Takan saurara ta ce Allah ya ji ƙan musulmi, sannan in an kwana biyu ta ji wani ya dawo daga Libiya ta aika a tambaye shi.

Yau aikina ke nan, ina rubuta irin waɗannan abubuwa ina duba na wasu. In yaro ya kawo mini trigger na ga RETURN NULL ba tare da ya rubuta wanda ya jefar a wani wuri ba, ko na ga ya kama kowane irin kuskure ya haɗiye don kada allo ya nuna ja, raina ɓaci yake, kuma ba na ɓoyewa. Na san ihu na da tsada, yana share aikin da ba ruwansa, yana ba mutum kunya a gaban jama'a. Amma wanda aka yi wa ihu ya san ba a karɓa ba, zai tsaya ya tambaya. Da jan rubutu ya fito a gaban direban nan, da ya ce a'a, wannan wani ne daban, yau na ɗauko shi, da labari ya isa gidanmu a makon, da zafinsa, a lokacin da mahaifiyata za ta iya ɗauka. Abin na ci mini rai har gobe, ba zan ce ya wuce ba.

Mahaifiyata ta rayu shekaru bayan haka. Da ciwon ajalinta ya yi tsanani ta tara mu, hankalinta garau, ta yi mana wasiyya ɗaya bayan ɗaya, ta ce ga wanda zai ɗauki kaza ga wanda zai ɗauki kaza. Da ta zo kan awakinta ta ba kowa nasa, sannan ta nuna wata jar akuya mai ciki ta ce wannan ta yayanku ce, a riƙe masa kafin ya zo. Ba wanda ya yi mata gardama. Ɗiyarsa ce ke kiwon jikokin akuyar nan har yau, kuma ko sallah ta zo da matsi ba a taɓa kai ɗaya kasuwa ba.